Shanyar Mai Unguwa Nababa

Balan-balan na ƙarshe ya tashi daga filin ƙwallon wata kwaleji a Zariya da hantsi, a ƙarshen daminar 1958, kuma aikin Salmanu yana rataye a ƙarƙashinsa. Ba wasa nake yi ba. Akwatin nan da ke reto a jikin igiya, in ya dawo lafiya, za a ɗauki Salmanu aikin bincike na dindindin a Zariya. In bai dawo ba, sai ya tattara nasa-ya-nasa ya koma Birnin Gwari ya ci gaba da koya wa 'yan elemantare biyu sau biyu.

Salmanu ɗan mai unguwa Nababa ne, daga wata 'yar unguwa da ke bakin daji a bayan Dogon Dawa. Ya yi Midil, ya yi kwalejin horon malamai, kuma tun yana makaranta ba abin da yake so irin lissafi. Wata rana ya ga sanarwa a jarida cewa wata Baturiya mai binciken sararin samaniya tana neman mataimaki mai haƙuri da kaifin ido. Ya nema, ta gwada shi, ta ɗauke shi na wucin gadi. En'e ta ba shi hutun rabin shekara, bayan hedimasta ya gama yi masa tsiya cewa in ya hau saman ya gaida masa Zara matar wata.

Baturiyar sunanta Dakta Hilda, amma daga ɗalibai har masu shara Uwar Balan-balan suke ce mata. Doguwa ce, ramammiya, ba ta son dogon surutu, kuma in tana aiki ko sallama aka yi sai an maimaita.

Aikin kuwa ga yadda yake. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna zubowa duniya daga can ƙuryar samaniya ba dare ba rana, da gudun da ya kusa na haske. Daga ina suke fitowa, me ya ingiza su haka, abin da ake nema ke nan. Kafin su iso ƙasa iska ta farfasa su, don haka sai an tare su a can sama. Shi ya sa ake hura balan-balan, a rataya masa akwati, a cikin akwatin a jera wasu fallaye irin na ɗaukar hoto amma masu kauri, masu ɗan danƙo kamar ganda. Duk ƙwayar da ta ratsa falle sai ta bar sawunta a ciki. In an wanke fallen da magani a ɗakin duhu aka sa shi a madubin ƙara girma, sai ka ga layuka siririn gaske, wani ya wuce sambal, wani ya daki wani abu ya tarwatse ko'ina. Dakta ta ce ta zo ƙasar nan ne don maganaɗisun duniya yana korar ƙwayoyi marasa ƙarfi daga wannan yankin, sai manya-manyan ke iya shigowa. Abu ɗaya ne fallayen ba sa jurewa kafin a wanke su, shi ne haske. Ko hasken ashana ne, ya ishe su.

Ranar farko da Salmanu ya leƙa madubin ya ga sawun nan a wani tsohon falle da Dakta ta zo da shi daga ƙasarsu, sai da ya manta da abincin rana. Abu ya taso daga inda ba a sani ba, ya yi tafiyar da ta fi shekarun kakanninsa, ya zo ya bar alama a gaban idonsa. Ya so aikin nan so mai tsanani, har matarsa Ladi ta fara cewa ita dai tana ganin mijinta ne kawai a lokacin cin tuwo.

Wani kwamiti ne a Ingila ke ɗaukar nauyin binciken. Sun ce in aka samu sakamako daga Zariya za su buɗe gurbi guda na mataimakin bincike, kuma mai gurbin za a tura shi karatun digiri. Dakta ba ta ɓoye masa ba, ta ce gurbin nasa ne. To amma balan-balan na farko ya fashe tun bai yi nisa ba, ya zubo a gonar rogo. Na biyu ya yi gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Fallayen da suka rage su ne waɗannan, kuma kwamitin ya ce ba ƙari.

Kafin a ɗaura akwatin, Dakta ta sa Salmanu ya yi rubutu a jikinsa da fenti, da boko da ajami. Ya zauna ya tsantsara shi: "Kada a buɗe. A kai wa hukuma. Akwai tukwici." Ya ja baya ya duba, ya ga ya yi kyau. A ganinsa maganar hukuma ce, ba wanda zai tsaya tambayar dalili. Wanda ya yi wannan tunani ya manta a gidan wa aka haife shi.

Suka bi balan-balan ɗin da madubin hangen nesa har ya koma kamar ƙwayar gero, yana gangarawa yamma. Akwai agogo a jikin igiyar wanda in lokaci ya yi zai tsinke ta, laima ta buɗe, akwatin ya sauko a hankali. Bayan la'asar girgije ya rufe shi. Dakta ta shimfiɗa taswira, ta yi 'yan lissafe-lissafenta, ta ɗora fensir a kan wani koren wuri inda ba sunan gari ko ɗaya.

"Dajin Birnin Gwari," in ji ta da Turanci, fuskarta ba walwala. "Wa zai samo akwati a nan?"

Salmanu ya yi dariya. "Dakta, ai gida ya tafi. A dajin nan ko akuya ce ta ɓata, kafin kasuwa ta sake ci an san wanda ya gan ta. Kuma mutanenmu ba sa cin kayan tsintuwa."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Dakta tana da ajujuwan da za ta koyar, don haka ta ba shi jif da direba, wani mai suna Maliki, suka kama hanyar Funtuwa. Bayan Funtuwa suka tarar ruwa ya cinye wani kwalbati, motoci sun yi jerin gwano, lebura na ta zuba dutse. Nan suka yi asarar yini guda cur. Salmanu ya yi ta safa da marwa a bakin ramin, har Maliki ya ce masa, "Malam, ka zauna don Allah, tafiyar nan taka ba ta cika rami."

Suka iso Dogon Dawa ranar kasuwa. Salmanu bai ma buɗe baki ya yi cigiya ba, wani mai sayar da rake ya ƙwala masa kira.

"Kai! Ba ɗan Nababa ba ne, mai aikin sama? Ai kayanka na gida. A fadama ya faɗo, wani Bafillatani ya tsinta ya kai wa babanka. Jiya ba a yi wata hira a garin nan ba sai ita."

Daɗi ya kama Salmanu har bai san lokacin da ya sayi ƙwaryar goro ba. A duk faɗin dajin nan, a ce hannun mahaifinsa akwatin ya faɗa! Mota ba ta shiga unguwarsu da damina, saboda haka ya bar Maliki a kasuwa ya kama 'yar hanyar da ta ratsa gonakin dawa, yana tafe yana tsara yadda zai shaida wa Ladi.

Tun daga nesa ya hango laimar, fara fat, an shanya ta a kan dangar gidansu. Wannan bai dame shi ba. Da ya zagayo ta gindin tsamiya ne ya ga ƙofar zaure.

An shimfiɗa tabarmi biyu a tsakiyar rana. A kansu an jera fallayen ɗaya bayan ɗaya, a tsare, kowanne da 'yan duwatsu a kusurwoyinsa don kada iska ta ɗauka. Gwaggo Furera, yayar mahaifinsa, tana zaune a gefe da doguwar tsumagiya tana korar kaji. Akwatin yana jingine da bango, baki buɗe, shi ma yana shan rana. A inuwar zauren kuwa dattawan unguwa ne zaune, Nababa a tsakiyarsu a kan buzu, bakinsa har kunne.

Salmanu ya matso ya duba. Fallayen da ya san su launin ƙwai-ƙwai a ƙarƙashin 'yar koriyar fitilar ɗakin duhu, ga su nan sun koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi. Ya ji kamar ya kurma ihu. Amma ɗa ba ya shigowa gaban mahaifinsa da dattawa da ihu, sai ya cire takalmi, ya je ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji Nababa. Tun da ya fara koyarwa haka uban ke kiransa. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Yaya hanya? An ce ruwa ya yi ɓarna wajen Funtuwa."

"Ya yi, Baba."

"Yaya iyali? Yaya Zariya? Yaya Baturiyar taku, tana jin daɗin ƙasar?"

Ya amsa duka. Sannan ya juya ga liman, ya juya ga sarkin noma, ya juya ga Labaran tsohon sojan Bama, kowa da tasa gaisuwar, kowa sai ya tambayi iyali da Zariya daga farko. Ya je ya gaida Gwaggo Furera a bakin tabarmar, idonsa a kan fallayen, tana ce masa ya rame. Duk gaisuwar nan da ake yi, rana tana nan tana aikinta.

Da aka gama, Nababa ya gyara zama ya ba da labari, kuma ka san ba yau ya fara ba da shi ba. Ya nuna wani siririn Bafillatani da ke tsugune a gefe da sandarsa.

"Bakoji ne ya gan shi yana saukowa kamar shirwa, shanunsa suka watse. Cikin ruwan fadama ya faɗa. Ya ciro shi ya ɗauko a ka har nan. Mutane suka ce aljanu, wasu suka ce bam. Labaran ya ce laimar sojan sama ce, ya ga irinta a Bama, kuma in bam ne da tuni ya tashi da shanun Bakoji. Ni kuwa da na duba rubutun ajamin nan sai na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Na san hannun nan. Ni na kai shi makarantar allo."

"Baba," in ji Salmanu a hankali, "ka karanta abin da aka rubuta?"

"Na karanta mana. Liman ma ya karanta. An ce kada a buɗe." Nababa ya faɗi haka ko a jikinsa. "Sai da na kwana ina juya maganar. Amma ka san yadda ake yi da tsintuwa a garin nan. Ba a karɓarta a rufe. Sai an buɗe a gaban shaidu, kowa ya ga abin da ke ciki, don kada gobe mai kaya ya ce akwai abu kaza an ɗauke."

Bakoji ya ɗago kai. Jauro yake ce wa Nababa, yadda Fulani ke kiran mai gari.

"Ni na roƙi Jauro a buɗe," in ji shi. "Yayana ya taɓa tsintar jakar wani falke, ya kai a ɗaure yadda ya gan ta. Falke ya zo ya ce an taɓa masa kaya. Ba shaida. Sai da saniya ta fita daga garkenmu. Balle kayan Bature? Na ce ba zan koma ruga ba sai idon mutane ya wanke ni."

"Ka ji," in ji Nababa. "Ga shi kuma ruwa na ɗiga daga gindin akwatin. Na ce wanda ya rubuta kada a buɗe bai san a ruwa zai faɗa ba. In na bar kayan ɗana suka ruɓe ina kallo, wane irin uba ne ni? Labaran ya kwance kusoshin da wuƙa. Muka tarar da ƙunshi a cikin roba, cikin robar baƙar takarda, cikin takardar waɗannan. Duk sun yi danshi, sun manne da juna. Da ƙyar aka ɓamɓare su, amma ka duba da kyau, ko ɗaya bai yage ba."

Salmanu ya ɗauko robar ya sa hannu ciki. A bushe take ƙayau. Ruwa bai taɓa wuce katakon waje ba. Danshin da suka ji danƙon fallayen ne, haka aka yi su.

"Tun jiya suke shan rana," in ji Gwaggo Furera. "Ko kaza ɗaya ban bari ta taka ba. Ga shi har sun fara yin launi."

Dattawa suna kallonsa, suna jiran abin da zai ce. Mahaifinsa ma yana kallonsa. Shekara da shekaru mutumin nan yana raba rigimar gona da ta shanu a unguwar nan, ba a taɓa kama shi da cin ko da ƙwayar gyaɗa ta wani ba, kuma yau yana ganin ya yi wa ɗansa babbar hidima. Baƙin ciki ya cika Salmanu, ga haushi, amma ya rasa wanda zai ji haushinsa.

"An gode, Baba," in ji shi. "Allah ya saka da alheri. Ranar ta ishe su haka."

Ya tattara fallayen ya mayar cikin baƙar takardar, ya naɗe da kyau kamar naɗin zai yi wani amfani. Ya miƙa wa Bakoji tukwicin da aka yi alkawari, ya raba goro. Liman ya yi addu'a Allah ya tabbatar da aiki. Kowa ya shafa, har da Salmanu.

Suka kama hanyar komawa har suka wuce Funtuwa. Maliki ya dubi Salmanu ya ce, "Malam, an samu kaya kuma kana zaune kamar an yi maka rasuwa?" Salmanu ya ce masa ya dai kula da hanya.

Dakta Hilda ta tare su tun daga bakin ofis, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ga kusoshin akwatin a kwance. Ta shiga ɗakin duhu da ƙunshin, Salmanu na biye, ta warware. A jikin fallen farko akwai yashi da ɗan guntun karan tabarma. Ta daɗe tana riƙe da shi.

"Haske nawa suka sha?"

"Yini biyu a rana, Dakta."

Ya zaci za ta yi faɗa, da ma ta yi ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce a wanke su duk da haka, don ba a yanke hukunci a kan abin da ba a duba ba. Suka kwashe kwanaki suna jiƙawa a magani, suna sanyayawa da ƙanƙara, suna ɗaurayewa. Fallayen suka fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Salmanu ya zauna a gaban madubin ya bi su ɗaya-ɗaya, gefe da tsakiya, ko Allah zai sa wani lungu ya tsira. Idonsa ya yi ja, kansa ya yi ta sara. Sawun yana ciki, ya san yana ciki, ƙwayoyin sun zo sun ratsa kamar yadda aka yi fata. Baƙin ne ya binne su.

"Wa ya buɗe?" Dakta ta tambaye shi ranar da ya haƙura. "An rubuta a jiki da harshe biyu. Dole in sanar da Di'o, ya san irin masu unguwannin da yake da su."

"Babana ne."

Ta cire tabarau ta dube shi. Ya ba ta labarin tun daga fadama har tabarma, da maganar shaidu, da saniyar yayan Bakoji, da Gwaggo Furera da tsumagiyarta. Da ya zo kan kajin sai wata 'yar dariya ta suɓuce mata, irin wadda ba ta daɗi ba, ta sa hannu ta rufe fuska. Ba ta sake ambaton Di'o ba. A rahoton da ta aika wa kwamiti ta ce haske ya shiga fallayen kafin su iso ɗakin bincike, ba ta sa sunan kowa ba.

Amsar kwamitin ba ta ba kowa mamaki ba. Ba sakamako, ba gurbi, kuma Dakta ta haɗa kayanta a ƙarshen zango. Ta yi masa iya ƙoƙarinta, wannan kam a shaide ta. Ta nema masa wuri a Badun, aka ce mai digiri suke so. Ta nema a wajen wasu abokan aikinta a Indiya da ke irin wannan binciken, aka ce suna da nasu matasan suna jiran layi. Wata jami'a a Ingila ta ce tana maraba da shi in ya samo wanda zai ɗauki nauyinsa, wato ba ta ce komai ba ke nan. Abin da ya samu a ƙarshe shi ne tayin zama mai auna ruwan sama a ofishin yanayi. Ya yi godiya ya ce in dai ruwan sama ne, a gida ma yana ganinsa. Ranar da za ta tafi ta ba shi hannu ta ce bai taɓa yi mata kuskure a madubi ba, kuma ta yi baƙin ciki. Shi ma ya ce ya yi.

Ya dawo Birnin Gwari ana cikin yankan dawa. Hedimasta ya karɓe shi ba tare da ya tambayi Zara ba, ya ba shi aji uku. Ladi ta ce ko ba komai yanzu za ta riƙa ganinsa da rana.

Abin da ya fi damunsa shi ne unguwarsu. Duk wanda ya fito daga can sai ya taya shi murna, don Nababa ya baza labari har kasuwar Dogon Dawa cewa ya ceci kayan Gwamnati daga ruɓewa, kuma za a tura ɗansa Ingila. Salmanu ya yi ta ɗaga zuwa, wannan Juma'a ya ce sai ta gaba. Da dai ya ga abin ba zai ɓoyu ba, ya hau keke ya tafi.

Ya tarar da mahaifinsa a gona shi kaɗai a wani gefe, yana ɗaure dammunan dawa, masu yanka sun yi nisa. Suka gaisa. Nababa bai saki igiyar hannunsa ba.

"An ce an gan ka da alli a makarantar gari."

"Haka ne, Baba."

"Ingilar fa?"

"Babu ita. Aikin ma babu. An rufe."

"Don me?"

Salmanu ya shirya wata magana tun a hanya, ta cewa Turawan sun canza shawara. Da ya dubi tsohon sai ya kasa. Ya tsuguna a kan kunya ya gaya masa komai, da ƙwayoyin da ke zubowa daga sama, da sawun da suke bari, da abin da haske ke yi wa fallayen. Bai taɓa yi wa mahaifinsa bayanin aikin nan ba sai ranar, kuma ya ga tsohon yana bin maganar sarai, bai ɓace a ko'ina ba.

Da ya gama, Nababa ya jefar da igiyar. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ka rubuta kada a buɗe. Don me? Ka rubuta don me? Ni ɗan doka ne da za a ba ni oda in ƙame? Da ka ƙara cewa rana na ɓata shi, wallahi da a ɗakina zai kwana a ƙarƙashin bargo, ko Razdan ne ya zo ba zai taɓa shi ba. Da na san yadda zan yi da Bakoji."

"Wurin rubutun ya yi kaɗan, Baba."

"Akwatin gefe huɗu gare shi. Na ƙirga."

Salmanu ya sunkuyar da kai.

"Kuma ka zo ka gani da idonka, ka ce mini an gode. Ka bar ni ina yawo kasuwa-kasuwa ina cika baki."

"A gaban liman da su Labaran zan faɗa, Baba?"

Nababa ya kawar da kai. Ya dubi wajen masu yanka, ya dubi damin da bai gama ɗaurewa ba. Faɗan ya fita daga muryarsa, da ya sake magana a hankali ya yi ta.

"Wani balan-balan ɗin yaushe za a tayar?"

"Babu wani, Baba. Wannan ne na ƙarshe."

"To ranar, tsawon wane lokaci take ɗauka kafin ta ɓata shi? Da ka iso da wuri, da kwalbatin nan bai tsare ka ba?"

"Ba ta ɗaukar lokaci. Da an ware baƙar takardar an raba fallayen, shi ke nan. Shanyar ba ta ƙara komai ba."

Tsohon ya zauna a kan damin. Ya buɗe tafukan hannunsa yana dubawa.

"Labaran ne ya miƙa hannu zai ware takardar," in ji shi. "Na buge hannunsa. Na ce kayan ɗana ne, ba mai taɓawa sai ni. Ni na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada in yaga maka."

Tausayin mahaifinsa ya kama Salmanu fiye da duk yadda ya taɓa jin tausayin kansa a kan aikin. Ya so ya ce ba komai, amma su biyun sun san da komai. Ya tashi ya ɗauko igiyar daga ƙasa, ya tsaya a gefe yana jiran tsohon ya ɗaga ya ɗaure damin.